Lalle a Ƙafar Roba

A shekarata ta biyu a kwalejin fasaha aka watsa mu gari neman sanin makamar aiki. Ƙawayena duk suka faɗa ofisoshi masu sanyi, ni kuwa aka tura ni wata 'yar ma'aikata a bayan wani asibiti, inda ake haɗa ƙafafun roba da sandunan dogarawa da takalman yaran da shan inna ya taɓa. Da na kai labarin gida, a unguwar Maisandari, babana ya ce ai aikin lada ne. Malamin firamare ne, kuma dattijo a cocinmu, duk aikin da ba shi zai yi ba kuwa sunansa aikin lada. Na tafi dai ina cika ina batsewa, don a lokacin ba lada ce ta dame ni ba, fanka nake nema.

Ɗaki ɗaya ne dogo mai rufin kwano, ƙurar filasta ta mai da komai fari har gashin girarmu. Ƙafafu a rataye a bango, wasu da takalmi, wasu babu. Makon farko ko ruwa ban iya sha a ciki ba, amma kafin wata ya ƙare a kan teburin nake zuba gyaɗata, ina ci ina goge ƙafar wani da sanfefa. Shugaban wurin, wanda kowa ke ce wa Oga, mutum ne marar yawan magana. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka ɓata ma ya yi shiru, sai dai ya karɓi aikin ya sake shi a gabanka, wanda ni a wurina gara zagi. Mu biyu ne ɗalibai. Ɗayan wani saurayi ne ɗan Kanuri daga unguwar Limanti, mai sanyin hali har abin ya yi yawa. Shi ya laƙaba min Injiniya, wai don komai sai na ce na karanta shi a aji.

A wata na biyu aka kawo Hajiya. 'Yar unguwar Gwange ce, sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma ƙamshinta ne ya fara shigowa kafin ita. Ciwon suga ya ci mata ƙafar hagu, aka yanke ƙasa da gwiwa. Babbar mace ce mai kamun kai, lafayarta a naɗe tsaf duk da tana dogara sanduna biyu. Da Oga ya durƙusa zai auna dungun, sai ta ja lafayar ta rufe, ta mai da fuskarta bango. Oga ya miƙe ya miƙo min tef ɗin awo. Haka ta zama tawa, ba don na iya ba, sai don ni kaɗai ce mace a ɗakin.

Ni na naɗa mata filasta na ɗauki siffar dungun, Oga na bayan labule yana faɗa min abin da zan yi. Ni na goge soket ɗin, wato kofin da dungu ke shiga, har yatsuna suka yi kanta. Da ƙafar ta haɗu, ni na riƙa riƙe ta tsakanin ƙarafan dafawa tana koyon taku. Ɗan Limanti yana ce mata Ya, wato uwa, ni ma na ɗauka. Ba ta wahalar da mu ba ko kaɗan. Wasu sai sun yi kuka sun zage mu tas kafin su yarda su ɗora nauyinsu a kan roba, ita kuwa cikin 'yan makonni ta ajiye sanda ɗaya, daga baya ta ajiye ɗayar. Ranar da aka sallame ta, da kanta ta taka har bakin keke napep, mijinta na biye da ita rungume da sandunan. Na ji daɗi ƙwarai, har da ɗan girman kai, don ita ce ƙafa ta farko da hannuna ya shiga tun daga awo har taku.

Oga yana da ƙa'ida. Duk wanda aka sallama, in an kwana biyu sai an bi shi gida, saboda tafiya a kan sumintin ɗakinmu daban, tafiya a yashin tsakar gida daban. Muka je Gwange ni da ɗan Limanti. Shi ya tsaya a zaure wurin maigidan, ni na shige ciki. Na tarar da Hajiya zaune a tabarma tana juya itacen turare a tukunya, sandunan nan biyu jingine kusa da ita, lafayar kuma ta kwanta a ƙasa a inda ƙafar hagu ya kamata ta kasance.

"Wushe, wushe, 'yata," ta yi min sannu da Kanuri, ta sa aka kawo min ruwa.

Na sha, muka gaisa, na ce, "Ya, ina ƙafar?"

"Tana nan lafiya."

Ta aika aka ɗauko ta daga ƙarƙashin gado. An naɗe ta cikin zane mai kyau, ta sha turare, tafin kuma fes, ko ƙwayar yashi babu.

"Tana yi miki ciwo ne?"

"Ko kaɗan."

"Ko ta yi miki tsawo? Ko nauyi?"

"Daidai take. Allah ya yi muku albarka."

Duk tambayar da aka koya min na yi, duk amsa ɗaya ce, sai godiya da addu'a. Na duba dungun, babu ƙurji, babu gurjewa, sai ɗan kumburi. Na fito ban san abin da zan gaya wa Oga ba.

Oga ya saurare ni yana ɗaure wani noti. Ya ce dungun da aka bari ba ƙafa yana kumbura, gwiwar da ta saba zama a lanƙwashe kuma tana ƙagewa. In aka ja lokaci soket ɗin ba zai ƙara shiga ba, ga masu jiran layi da yawa, ba za a yi mata wata nan kusa ba. "In ta ci gaba a haka," in ji shi, "ta koma sanda ke nan. Mai shekarunta, da ciwon suga, da wuya ta sake tashi." Maganar da ya yi ranar ta fi wadda na ji daga bakinsa a wata guda.

Muka yi ta zarya. Na sauya mata safa, na ƙara soso, na rage soso. In ina nan sai ta sa ƙafar, ta zagaya tsakar gida don ta faranta min, ina juya baya ta cire. Ɗan Limanti kuma ya jiyo daga maigidan cewa bikin 'yar autarsu ya matso, yarinyar ta gama karatun ungozoma za ta auri wanda ta daɗe tana so, amma Hajiya ta ce ita a ɗaki za ta zauna, masu gaisuwa su same ta a ciki. Wannan ya ƙara tunzura ni. Rannan na kasa riƙe bakina, na ce, "Ya, in ba kya so ki faɗa mana, akwai masu nema." Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce in gaida mutanen gida. A hanya na ba ɗan Limanti labari, ya yi ta dariya a cikin napep.

"Injiniya ke nan," ya ce. "Kin shiga gidan mutane da jaka da tef a wuya, kina tsaye kina jero tambaya kamar 'yar sanda. Ko uwata ce ba za ta gaya miki komai ba. Ki je ranar da ba aiki, ki zauna kawai."

"In zauna in yi me?"

"Ki yi shiru, in za ki iya."

Ranar Lahadi, da aka tashi daga coci, na wuce Gwange da kayan cocina, ba jaka ba tef. Na tarar da gidan cike da mata, 'yan uwa da maƙwabta, ana haɗa turaren amarya. Takalma tuli a bakin tabarma. Na cire nawa na samu gefe na zauna, aka ba ni turmi ƙarami ina daka abin da ban san sunansa ba. Hira suke da Kanuri, ina tsintar kaɗan-kaɗan. Da yake ba ni da abin cewa, sai idona ya sauka ƙasa. Kowace ta miƙe ƙafafunta a gaba, yadda ake zaman tabarma, kuma kowace ƙafa da lalle, tafin da gefen da yatsun, ja mai duhu har ya kusa komawa baƙi. Tsofaffi da masu goyo, babu wadda aka bari. Tawa ce kaɗai fara fat da ƙura, har wata ta tsokane ni wai in zo a ƙunsa min ko na samu miji. Hajiya ma ƙafarta ta dama lallen sabo ne.

Da la'asar matan suka watse, aka bar mu mu biyu. Ban tambaye ta komai ba, ina dai kwashe garin da na daka. Ita ce ta fara.

Ta ce satin da muka sallame ta, an yi suna a gidan wata 'yar uwarta, ta shirya za ta je da ƙafarta. Tun da ta kwanta asibiti ba ta yi ƙunshi ba, lallen ƙafar dama ya fita. Ta yi niyyar a ƙunsa mata, sai ta ga in ɗaya ta yi ja ɗaya tana fara, kowa robar zai kalla, don haka ta bar su duka biyun a haka. Ta je, ta cire takalmi, ta zauna ta miƙe ƙafa cikin mata. Sai ga wata tsohuwar ƙawarta da ta zo daga nesa, ta dubi ƙafafun, ta kama hannunta ta ce, "Ashe rashi aka yi? Wallahi ban ji ba. Allah ya jiƙan Alhaji." Alhaji kuwa, wato mijinta, yana ƙofar gidan yana cin shinkafar suna.

"Aka yi dariya, ni ma na yi," in ji ta. "Da na dawo gida na cire ta."

Ta ga ban gama ganewa ba.

"'Yata, a wurinmu matar aure ba ta shiga taro da farar ƙafa, sai mai takaba. In na ƙunsa ɗaya, na zama abin kallo. In na bar su duka, na binne mijina da ransa. Da sanda kuwa kowa ya san abin da ya same ni, ba mai tambaya, in yi lallena a wadda Allah ya bar min."

"To, Ya, me ya hana ki faɗa tun farko?"

"In gaya wa namiji, wanda ya ba ni ƙafa don Allah, wai ba ta da lalle? Ina zan kai kunyar?"

Gaskiya haushi na fara ji. Duk wannan wahala, duk wannan kanta a hannuna, a ce a kan kwalliya za a ajiye tafiya? Sai na tuna mamata, wadda ko zazzaɓi ya kwantar da ita ba za ta shiga coci ba ɗankwali ba, gara ta zauna a gida. Daga nan haushin ya sauka, tausayinta ya kama ni, har na kasa haɗa ido da ita.

Washegari na gaya wa Oga, ina jiran ya ce mu ba gidan kwalliya muka buɗe ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafun da ke bango. Can ya shiga kwalin da ake zuba waɗanda suka lalace, ya zaro wani tsohon tafin roba ya ajiye a gabanmu. Ya ce, "Ku gwada a wannan. Kada ku taɓa tata sai na gani."

Lalle na gaskiya muka fara sawa. Na kwaɓa shi yadda aka nuna min, na ƙunsa da leda, ya kwana. Da safe ruwa ɗaya ya wanke shi tas, don roba ba fata ba ce. Muka gwada rinin gashi, ya kama, amma da na goga farin ƙyalle sai ya bi ƙyallen, wato lafayar mutane zai ɓata. Ɗan Limanti ya kawo fentin masu yi wa napep ado, ya yi kyau da farko, Oga na lanƙwasa tafin, fentin ya tsattsage. Muna ta wannan, marasa lafiyar da ke jiran awo suna kallonmu, kowa da shawararsa. Wani dattijo mai ƙafa ɗaya ya ce mu gwada goro.

Daga ƙarshe ɗan Limanti ya tuna da dukawan bayan layinsu, masu rina fatar takalmi da jaka. Ya karɓo rininsu, ja da baƙi, a 'yan kwalabe. Wannan rinin ne ya shiga robar ya zauna. Muka yi ta gauraya ja da baƙi muna neman launin lallen da ya kwana biyu, shi yana cewa ya yi ja, ni ina cewa ina ya san lalle, shi yana cewa a gidansu mata tara ne. Da muka daidaita, muka zuba masa ruwa kamar na alwala, muka gurza a yashi, muka shanya a kan kwano cikin rana, muka goga farin ƙyalle. Bai motsa ba. Oga ya karɓa ya lanƙwasa, ya sake lanƙwasawa, ya miƙo min ya koma aikinsa, mu kuma muka san an yarda.

Na zauna na zana furanni da ganye a wani tsohon tafin, na kai wa Hajiya ta ga irin abin da za a yi mata. Ta riƙe shi tana dariya har da hawaye. Ta ce wannan ai na 'yan matan yanzu ne, in ta fito da shi za a ce ita ce amaryar. Nata ƙunshin na manya ne, kuma tana da mai yi mata, ita za ta yi. Amma ta daɗe tana shafa launin da yatsa, tana duba yatsan. Sai ta ce a ɗauko ƙafar.

Ƙafar ta ƙi shiga. Dungun ya cika, gwiwar kuma ba ta miƙewa sosai. Na tura, na juya, na sauya safa mafi sirantaka. Hajiya ta ja lafayarta ta rufe. A ranar na ji tsoro na gaske, cewa mun samo maganin bayan lokaci ya wuce.

Oga ya ce a riƙa naɗa bandeji don kumburin ya sauka. Kullum in an tashi aiki sai in biya Gwange in naɗe dungun tam, in sa ta kwanta rub da ciki don gwiwar ta miƙe, ta ɗora ƙafar a matashi in tana zaune. Wannan karon ko sau ɗaya ba ta kwance ba bayan na tafi, har faɗa take min in na makara. Gidan na ƙara cika da 'yan biki, ni ina tsakiyarsu da bandejina, an saba da ni har ana aikena. Ana saura kwanaki kaɗan Oga ya zo da kansa, ya tsaya a zaure. Na kai masa soket ɗin, na nuna masa inda yake matsewa, ya ɗan rage bakin da abin gurza, na mayar ciki. Ta sa, ta cije leɓe, dungun ya zauna. Ta miƙe ta dafa kafaɗata, ta saki, ta taka zuwa bakin ƙofa ta dawo. Na leƙa zaure na gaya wa Oga. Ya ce ta riƙa sawa kaɗan-kaɗan, ya hau babur ɗinsa.

Ranar da ake yi wa amarya da 'yan uwa lalle, mai ƙunshin Hajiya ta zo, wata matashiya da goyo a baya. Hajiya ta miƙe ƙafafu biyu. Matar ta yanka salatif ta manna a gefen dama, ta manna irinsa a hagu, layi ɗaya, tsayi ɗaya. Dama ta sha lalle aka ƙunshe, hagu kuma na miƙa mata kwalba da ɗan buroshi. Ta yamutsa fuska wai abin yana wari, amma hannunta bai karkace ba, har faratan robar sai da ta bi ɗaya bayan ɗaya. Da aka kwance ƙunshin aka jera su, na ga hagun ta ɗan fi duhu. Na ce bari in nemo abin da zai rage shi.

"Bar shi haka," in ji Hajiya. "Lallen ma ba ya kama ƙafa biyu daidai."

Ranar yinin biki na je da aron lafaya, wadda na yi ta fama da ita tana zamewa. Tsakar gidan ta cika maƙil, tabarmi har bakin rijiya. Na samu lungu na zauna inda zan ga ƙofar ɗakinta. Can ta fito, ba sanda, tana taku a hankali a kan yashi, tana amsa gaisuwa dama da hagu. Da ta iso bakin tabarma ta dafa wata ƙanwarta ta zare takalman, ta shiga cikin sa'o'inta ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

Na zuba ido ina jira. Ina jiran wata ta sunkuya ta duba, ta tambayi wa ya yi wannan, a nuno ni. Babu wadda ta duba. Hira kawai suke, ana miƙa goro, ana tsokanar dangin ango. Har raina ya fara ɓaci, ina cewa a zuciyata mutanen nan ba su san abin da aka sha ba.

Sai ga wata mata ta taso daga wurin girki da ƙaton faranti na shinkafa a ka, gumi na zuba, tana neman hanya tsakanin mutane. Ta iso gaban Hajiya ta tsaya, ta kalli ƙasa don kada ta taka wani, ta ce cikin ƙosawa, "Hajiya, janye ƙafafun nan mana, duk kin tare hanya."

Hajiya ta janye su, dama da kanta, hagu da ɗan taimakon hannu ta ƙarƙashin lafaya. Ta ɗago ta nemo ni da ido a lungun da nake, na ga idanun sun cika. Ni ma nawa suka cika, ban taɓa jin daɗin an yi wa babba magana da gatsali ba sai ranar. Matar ta wuce da farantinta, Hajiya ta sake miƙe su.